Fiɗa Ido Biyu a Akokan

Ƙwaryar ta riga ta kai bakin Harisu kafin ya gama faɗin abin da takardar asibiti ta ce.

"Inna, an hana. Tun tsakar dare, ko ruwa ba a yarda ya wuce maƙoshi ba."

"Wanga ba ci ba ne, ba sha ba ne," in ji tsohuwar. Ba ta dube shi ba, ba ta kuma ambaci sunansa ba, domin shi ne ɗanta na fari, shekara talatin da takwas ke nan ba ta taɓa kiransa da suna ba. "Allo bakwai malam ya rubuta ya wanke. Hawa, gaya mishi ya shanye. Ba a shiga hannun masu wuƙa haka nan."

Hawa, matarsa, ta sunkuyar da kai tana gyara goyo.

Ƙarfe bakwai da minti ashirin ne na safe, suna tsaye gindin bishiyar dogon yaro a ƙofar asibitin kamfani. Harisu ya leƙa ƙwaryar. Rubutu ne, amma ba baƙi ba kamar yadda ya saba gani. Tsohuwar ta dama shi da nono da gumba har ya yi kauri ya koma ruwan toka, don kada ɗanta ya kwanta da ciki wayam. Da ƙafa ta tako tun daga unguwar ma'aikata, riƙe da ƙwaryar hannu bibbiyu. Ya dubi hannuwan nan, ya yi bisimilla ya kafa kai. Bayan kowace kurɓa biyu sai ya tsaya ya ja numfashi ta baki, domin ta nan kaɗai yake samun iska.

Hancin ya karkace ne tun yana saurayi, a filin kokowa a Tawa, ranar da wani ƙato ya kifa shi a kan fuska. Daga waje ba a ganin komai sai ɗan kaucewa. Daga ciki kuwa bangon da ya raba ƙofofin hancin ya tanƙware, ya toshe ta hagu ɗungum, ta dama kuma ta rage kamar kafar allura. A haka ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki a ramin uraniyom, mita ɗari biyu da hamsin a ƙarƙashin ƙasa. Aikinsa gwada rufi. Bayan an ta da nakiya, shi ke fara shiga da doguwar sandar ƙarfe, yana ƙwanƙwasa dutsen da ke bisa kai yana saurare. Dutse mai lafiya yana amsawa da ƙara siririya. Wanda ya saki yana amsawa kamar tulu marar ruwa, sai a ɓamɓare shi kafin ya faɗo wa wani. Ba a taɓa ɗauko gawa daga inda Harisu ya gwada ba.

Amma doka ta ce kowa ya sa takunkumi a cikin rami, shi kuwa ba ya minti goma da shi sai ya zame shi ƙarƙashin haɓa, in babu mai gani. Bana, a awon lafiya na shekara, likitan kamfani ya sa masa takunkumin ya ce ya riƙa hawa da sauka kan benci har minti biyar. A minti na biyu Harisu ya fizge shi yana haki. Aka rubuta cewa ba zai sake sauka rami ba sai an gyara hancin.

A wata shekara da wannan ba wani abu ba ne. Amma farashin uraniyom ya faɗi, kamfani zai rage ma'aikata, jerin sunayen zai fito ƙarshen wata, saura kwana goma sha tara. Kowa ya san wanda ba shi da takardar lafiya shi ne farkon shiga jerin, kuma wanda aka sallama yana da wata guda ya bar gidan kamfani. A gidan Harisu mai ɗaki biyu akwai mutum goma sha uku. Tara daga cikinsu, har da tsohuwar, fari ne ya koro su daga ƙauye bara.

Likitan hanci daga Yamai yake zuwa, sau ɗaya a shekara. A da cikin jirgi yake zuwa ya yi mako biyu. Yanzu an soke jirgin, tawaye kuma ya hana mota bin hanyar Agadas ita kaɗai, sai cikin ayari da rakiyar soja. Ya iso ranar Lahadi, zai koma ranar Alhamis. Yau Laraba, kuma sunan Harisu ne na farko cikin mutum uku da suka rage.

A ɗakin shiri aka ba shi rigar asibiti marar baya, ya hau gado ya zauna. Likita Kalilu, likitan hancin, ya shigo yana duba takarda. Gajere ne mai furfura, Bazabarme, Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwansa da namiji ko mace.

"Ka ci abinci?"

"A'a, lokotoro."

"Ka sha wani abu?"

A zuciyarsa Harisu ya ajiye rubutu a wani wuri dabam, ba tare da shayi da ruwa ba.

"A'a."

Likita ya sa hannu a takardar. Dassin, mai ba da maganin barci, tana ɗaura masa abin awon jini a dantse. Buzuwa ce 'yar Gugaram, shekararta goma sha huɗu a ɗakin fiɗa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Rubutun, da mi aka dama shi?"

"Ban ce na sha rubutu ba, Malama."

"Ni ma ban tambaye ka ko ka sha ba. Na wuce wata tsohuwa a bakin famfo tana wanke ƙwarya. Da ruwa ko da nono?"

Harisu ya dubi yatsun ƙafarsa. "Da nono." Ya dakata. "Da ɗan gumba."

"Ɗan gumba," in ji Dassin. "Ƙwaryar da na gani ta ishi mutum biyu."

Likita Kalilu ya ajiye alƙalami a hankali. Ya yi wata doguwar magana da Faransanci wadda ba wanda ya fassara, sannan ya koma Hausa. In aka sa mutum barci da ciki cike, in ji shi, abin da ke cikin ya kan taso ya gangara huhu. Ya taɓa ganin haka sau ɗaya, mutumin bai farka ba. Sai an jira awa shida.

"Ƙarfe biyu. Ka koma bayan layi. Uwarka ya ba ka, ko?"

"Ni na sha, lokotoro."

Ya koma baranda ya zauna kan benci, yana riƙe da bayan rigar da hannu ɗaya. Aka shiga da mutum na biyu. Ƙarfe biyu ba ta da nisa, ya gaya wa kansa. Tara da rabi sai ga Fatahu, direban motar asibiti, ya shigo da sauri makullai na kaɗawa a hannunsa. Da ya ga Harisu sai ya ci birki.

"A'a, sarkin kokowa! Wa ya ɗinka maka wannan riga? Tela ya manta baya."

"Bar ni, Fatahu. Lafiya kake gudu?"

"Ina lafiya. Soji sun canza. Ayari yau zai tashi, ba gobe ba. Sha biyu a taru a bakin gari, sha biyu da rabi su rufe shinge. Ka san halinsu, ba su faɗin rana sai ta zo, kada labari ya riga su kaiwa dutse wurin 'yan tawaye." Ya dube shi da kyau. "Kai ba a yi maka ba tukuna? Ba kai ne na farko ba?"

Harisu ya yi lissafin a ransa sau biyu, bai canza ba. Ayari na gaba sai bayan kwana goma, likita kuma yana da marasa lafiya suna jiransa a Yamai. In ya tafi yau, sai baɗi.

Sha ɗaya saura minti goma aka fito da mutum na uku. Likita Kalilu ya biyo baya yana cire safar hannu. Harisu ya miƙe ya tsaya a gabansa.

"Lokotoro."

"Na ji, na ji. Fatahu ya gaya mini." Likita ya buɗe tafin hannu. "Mi zan yi? Ni na dama fura? Ba ni kashe mutum don takarda."

"Mutum goma sha uku ne a gidana."

"Kowa a garin nan yana da goma sha uku."

Dassin tana tsaye bakin ƙofa da tire a hannu. "A yi mishi ido biyu," ta ce. "A kashe wurin da allura kawai. Muna da maganin."

Likita ya juya. "Na guringuntsi ne ake yi haka. Na wannan akwai ƙashi a baya, ya tsiro kamar ƙaya. Sai da guduma. Zai ji kome a cikin kansa. In ya motsa, ƙarfe yana nan, ido yana nan." Ya nuna tazarar da yatsu biyu.

"Minti nawa ne aikin?" in ji Harisu.

"Arba'in da biyar. In Allah ya so."

"Lokotoro, ina yin awa uku tsaye, kai a ɗage, ƙarƙashin dutsen da ke neman faɗo mini. Wannan a kwance ne. Ba ni motsi."

Likita ya dube shi daga sama har ƙasa, ya dubi agogon bango. Sha ɗaya saura biyar.

"Buzuwa," ya ce, "in ya motsa, hancinki zan yanke in liƙa masa."

"Yi aikinka, Bazabarme. Tun yaushe bawa ke yi wa uwargijiyarsa tsawa?"

Tsohon wasa ne tsakanin kabilunsu. A bana, da tawayen Buzaye, mutane kaɗan ne suka rage masu yinsa da ƙarfi a Akokan.

Aka kwantar da shi, aka ɗaga kan gadon kaɗan. Dassin ta sa masa siririn tiyo a gefen baki mai zuƙe jini da miyau, ta ce kada ya haɗiye, kada ya yi tari, kada ya yi magana. In zafi ya fi ƙarfinsa, ya ɗaga yatsa ɗaya na hannun dama. Ta rufe masa idanu da koren ƙyalle.

Aka cusa masa auduga mai sanyi a hanci. Wani ɗaci ya gangara masa maƙoshi. Allurar farko ta sa hawaye suka zubo masa har cikin kunnuwa, ta biyu ma haka, ta uku bai ji ta ba. Leɓensa na sama ya yi nauyi kamar na wani, haƙoran gaba suka ɓace. Daga nan bai ƙara jin zafi ba, sai dai yana jin komai: ƙarfen da ya buɗe ƙofar hancin, jan wuƙa, da wani ƙarƙas-ƙarƙas kamar ana kankare ƙwarya, a wani wuri da bai taɓa sanin hannu na iya kaiwa ba. Ya kama gefen gadon. Ya soma ƙidaya numfashinsa, ya kai ɗari ya sake daga farko.

"Kana nan, mai rami?" in ji likita. "Kada ka amsa."

Wani abu ya faɗa cikin tasa, ƙwal. Sannan wani.

Sha ɗaya da ashirin da biyar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Muryar Fatahu ce daga waje. "Lokotoro, kayanka na cikin mota. Manyan motoci sun soma jeruwa."

"Ka ce su jira."

"Soji fa, lokotoro."

"To, kai ka jira."

Sai aka zo kan ƙashin. Harisu ya ji bakin ƙarfe ya zauna can ciki, daidai tsakanin idanunsa da dasashi. Likita ne ke riƙe da ƙarfen, Dassin ke da guduma. Duk lokacin da ya ce "buga", sai ta buga sau biyu, na farko a hankali, na biyu da ɗan ƙarfi.

Ƙarar ba ta kunne ta shigo ba. Ta cikin ƙoƙon kai ta bi, ta sauka haƙora, ta fita ta ƙeya. A bugun farko ƙafafunsa suka nemi tashi da kansu, ya danne su. A na biyu gumi ya karyo masa. A na uku sai ya lura yana yin abin da ya saba yi kowace safiya ba tare da ya yi niyya ba: yana saurare. Ƙarar siririya ce, a tsaye, irin ta dutse mai lafiya. Hannunsa ya sassauta a gefen gadon.

"Buga."

Siririya.

"Buga."

Har yanzu.

"Buga."

Bugu na biyu ya amsa dabam, a buɗe, da ɗan rawa a ƙarshe. Harisu ya ɗaga yatsa.

Komai ya tsaya. "Zafi?" in ji Dassin. Ta janye tiyon daga bakinsa.

"Ba zafi ba," ya ce, maganar tana fitowa a dagule saboda mataccen leɓen. "Ya saki. Kada a ƙara bugu. A ɓamɓare shi."

Ko likita ya riga ya ji hakan a hannunsa, bai faɗa ba. Ya zare ƙarfen, ya karɓi hantsaki, ya shiga da shi, ya murɗa kaɗan. Harisu ya ji wani abu ya ɓalle ya biyo hantsakin, dogo, ya fi yadda ya zata. Ya faɗa tasa da ƙara mai nauyi.

Likita Kalilu ya yi dariya a cikin takunkuminsa har kafaɗunsa na rawa. "Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki," ya ce. "Yau na samu shugaban aiki a kan tebur. Rufe baki, shef, saura ɗinki."

Sha biyu saura minti goma aka gama. An cika ƙofofin hancin biyu da dogon ƙyalle mai maiƙo, an manna auduga a ƙarƙashi. Da aka cire koren ƙyallen, abin da Harisu ya fara gani shi ne likita tsaye yana rubuta rahoto a kan gwiwarsa, ƙafa ɗaya bisa kujera. Ya miƙa wa Dassin takardar, ya ce ta cire ƙyallen cikin hancin jibi, kada ya fyace hanci kwana goma, in zai yi alwala ya shafa ruwa a waje kawai kada ya shaƙa. Ya fita da korayen kayan fiɗa da takalman roba, bai tsaya canzawa ba. Ta taga aka ji motar Fatahu ta tashi tun ƙofarta ba ta gama rufuwa ba. Daga baya Fatahu ya ba da labari cewa sun iske sojan shinge ya riga ya kama igiya.

Da azahar aka bar iyali suka shigo. Fuskar Harisu ta kumbura, audugar ta yi ja. Hawa ta tsaya daga nesa ta rufe baki da gefen mayafi. Tsohuwar ta zauna a ƙasa gefen gado, ta fuskanci bango, ta saurari Dassin tana ba da labarin yadda aka yi, tun daga gumba har zuwa guduma. Dassin ba ta rage komai ba, don tsohuwar ta ji abin da ƙwaryarta ta kusa jawowa.

Tsohuwar ta gyaɗa kai. "Ana bugun mutum da guduma cikin kai, idonai biyu, bai motsa ba," ta ce wa Hawa. "Kin dai ga aikin allo bakwai."

Dassin ta dubi Harisu. Ta ɗauki tirenta ta fita.

Ranar da aka zare ƙyallen ya ji zafin da bai ji ba a kan tebur. Kwana goma yana kwana a zaune, hancin a toshe da kumburi kamar ba a yi komai ba, kuma bai gaya wa kowa abin da yake tsoro ba. A rana ta goma sha biyu, saura mako guda jerin sunaye ya fito, Dassin ta wanke masa hancin da ruwan gishiri, ta ciro busasshen jini da hantsaki, ta ce, "Rufe baki. Ja."

Ya ja. Iskar ta shiga ta ƙofa biyu a lokaci ɗaya, mai sanyi, ta haura har wani wuri a bayan idanunsa. Sai da ya dafa bango.

Likitan kamfani ya karanta rahoton, ya haska tocila a hancin, ya miƙa masa takunkumi ya nuna benci. Harisu ya ɗaura shi ya soma hawa da sauka. Likita yana duban agogon hannunsa. Minti biyar suka cika ya ce ya isa. Harisu bai tsaya ba. A minti na bakwai likita ya ce bencin na asibiti ne, yana da sauran amfani. Ya jawo takarda ya buga hatimi: zai koma rami ranar Litinin, aikin safe.

Hawa tana jiransa a waje. Ya nuna mata takardar, ta taɓa hatimin da yatsa ko da yake ba ta karatu, ta ninke ta ta ƙulle a bakin zane. Suka kama hanyar unguwa. Rana ta take, iska tana busowa daga wajen masana'anta inda ake tara farar wuta. Sun yi taku kamar hamsin sai Harisu ya tsaya cak, ya yamutsa fuska, ya waiga hagu da dama.

"Mi ke ƙonewa?"

"Ina?"

"Ba ki ji ba? Wani wari, kamar an ƙyasta ashana dubu."

Hawa ta shaƙi iska, ta dube shi. "Babu abin da ke ƙonewa, maigida. Haka garin yake."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka kawo ni."

Ya tsaya a tsakiyar hanya, baki a rufe, ya sake ja har ƙirjinsa ya cika.